Ramno da Makuba

A Bol, da tafki ya ja da baya,
ƙasa ta yi furfura.
Ba tsufa ba ne. Kanwa ce ta taso
ta kwanta a kunyoyin Mala Kiyari
fari fat, kamar an ɓarar da gari.
Ya lakata ya kai baki, ya tofar,
ya ce, "Wa ya yi wa gonata miya?"

Alkamarsa ta tsaya iya idon sawu,
bakin ganye ya ƙone ba wuta,
ruwa kwance a gindinta
tana mutuwa da ƙishi.
Sai layi ɗaya can jikin madatsa,
irin da Kellu ta ƙullo a haɓar zane
daga kasuwar Baga Sola,
shi ne ya ƙi sunkuyawa.

Na tumɓuko biyu, mai rai da mai haramar tafiya,
na kai ɗakin gwaji.
Janareto na tari a bayan taga.
Na yanka saiwa, ta fi ɓawon albasa rashin kauri,
na kafa ido a madubi.

Sai ga unguwa.
Ɗaki jikin ɗaki, kowanne da bangonsa.
Ni kuwa 'yar magini ce.
Ubana Ɗanjimma, yana cuɗa laka da ƙafa,
ya sha faɗa wa yaransa:
"Ƙasa ba ta riƙe kanta, sai da ramno,
kuma a shafa makuba
kafin damina ta zo gaisuwa."

To ga ramnon, Baba,
zare bisa zare, an gitta an sāke gittawa.
Ga yauƙin da ya cike tsakani,
alli ke ɗaure shi, hannu a nan, hannu a can.
Gishiri ba ya sallama.
Yakan ture alli ya haye mazauninsa,
alhali hannu ɗaya gare shi:
ya kama nan, can ya kuɓuce.
Bango ya saki,
tsinin saiwa ya kumbura ya fashe.

A saiwar Kellu akwai mai gadi jikin bango.
Tun tsaga tana silin gashi yake jin ta,
ya aika can ƙurya,
inda aka naɗe rubutun gado
da kakannin iri suka bari.
A buɗe, a karanta:
ƙaro zare,
maido alli,
liƙe hanyar ruwa, a tace abin da zai wuce.
Kafin hantsi an fara yaɓe.

Rani biyu ina ƙirga.
Wani irin yana da rubutun,
mai gadinsa ne ke da nauyin barci.
Wani kuma ya cika tsoro,
ya yi ta ɗora laka bisa laka
har tsiro ya rasa wurin miƙe ƙafa:
katangar da ta hana ɓarawo
ta hana ɗan gida girma.
Tire na sha bakwai ya mutu gaba ɗaya,
har yau ban san dalili ba.

Ranar sussuka Mala Kiyari ya tare ni.
"Hajjo, me kika gani a madubin nan?"
Na ce, "Magina."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Nawa ne ladansu?"

Kellu ba ta yi dariya ba.
Tana awon iri da gwangwanin tumatir,
ɗaya na gida, ɗaya na maƙwabta,
ɗaya ta tura gabana da ƙafa.

Shekara tara ke nan da binne Ɗanjimma.
Bangon da ya yi wa mahauta a Masakori
gindinsa ya fara cin gishiri,
amma da na wuce a mota watan jiya
na ga an jingina masa keke.